Na'ura za ta ƙwace mini aji? Amsa ga wani malamin aikin gona daga Jega

Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matashi ne ɗan shekara 27 daga wani ƙauye kusa da Jega a Jihar Kebbi. Na yi NCE a fannin aikin gona, na ɗora da digiri, na yi bautar ƙasa. Yanzu ina koyar da Aikin Gona da Bayoloji a wata sakandare mai zaman kanta, albashin dai bai taka kara ya karya ba. Abin da ya hana ni barci shi ne wannan ƙirƙirarriyar basira da ake ta magana a kanta. Kwanaki na ba ɗalibai aikin gida kan yadda tsiro yake haɗa abincinsa, sai wata yarinya ta kawo amsar da ta fi wadda na shirya tsari, ta ce a wayar yayanta ta samo. Mai makarantar ma ya faɗa mana a taron malamai cewa nan gaba babban allo mai magana zai sayo, malami ɗaya ya riƙe aji uku. Yayana da ke Abuja ya ce in tattara in zo, ya samo mini wurin shigar da bayanai a kwamfuta a wani ofis, wai koyarwa ta gama yayi. Baba kuwa burinsa in yi digiri na biyu in zama lakcara. Ga shi an sa mini ranar aure bayan girbi. Malam, shin wannan aiki namu yana da gobe, ko in bar shi tun da sauran ƙuruciyata?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya sanya alheri a auren, Ya sa a yi da mu.

Kada ka tafi Abuja a kan wannan dalili. In wata rana ka bar koyarwa saboda albashi ya kasa riƙe gida, ko saboda ka sami abin da ya fi, babu mai ganin laifinka. Amma barin aji don tsoron na'ura, a koma shigar da bayanai a kwamfuta, wannan sakin reshe ne a kama ganye, kuma zan gaya maka dalili.

A shekarar 2013 wasu masana biyu a Jami'ar Oxford ta Ingila, Carl Frey da Michael Osborne, suka ɗauki sana'o'i 702 na ƙasar Amurka suka auna wace ce na'ura za ta iya karɓewa. Daga bincikensu ne aka samo maganar nan da ta zaga duniya, cewa kusan kashi 47 cikin 100 na ayyukan Amurka suna cikin babban haɗari. Masu yaɗa wannan adadi ba su cika karanta jerin har ƙarshe ba. Malamin sakandare yana can ƙasan jerin, haɗarinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Malaman manyan makarantu wajen kashi 3 ne. Mai shigar da bayanai a kwamfuta kuwa, ainihin aikin da Yayanka ya samo maka, kashi 99 aka ba shi. Yayan naka don ƙauna ya yi, kuma ka gode masa, amma wurin da yake kiranka shi ne bakin wutar.

Gaskiya ne a Amurka aka yi binciken, kuma an yi shi tun kafin ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022. Manhajojin yanzu suna rubutu, suna bayani, suna tsara tambayoyi, abin da na wancan lokaci ba sa yi. Don haka ba zan ce maka babu abin da zai taɓa aikinka ba. Zai taɓa shi, ya ma fara. Rubuta not ɗin darasi, tsara tambayoyin jarrabawa, duba amsoshin zaɓi-ɗaya, fassara ma'anar kalma, duk waɗannan na'ura tana yin su cikin ƙiftawar ido. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ma ta kama hanya. Malamin da iyakar aikinsa ya shigo aji ya juya wa yara baya, ya cika allo da abin da ya kwafo daga littafin da aka ba shi a kwaleji, ya ce a kwafa, ya kakkaɓe alli ya fita, to wannan malami ya kamata ya damu. Amma shi tun kafin a ƙirƙiro na'urar ba ya koyar da aikin gona. Labarin aikin gona yake bayarwa.

Kai ɗan fadama ne, ka tambayi Baba yadda ake ban ruwa da jigo a da. Mutum zai yini yana ɗaga guga yana zubawa, kafaɗa ta yi tsami, ya shayar da ɗan fegi kaɗan. Da injin ban ruwa da rijiyar burtsatse suka shigo, jigo ya kwanta. Manomi bai kwanta ba. Wanda ya koyi tayar da inji ya faɗaɗa gonarsa, ya shiga noman rani da ƙarfi, wanda kuma iyakar abin da ya iya ɗaga guga ne, shi ne ya rasa abin yi. Ka duba aikinka ka ga wane ɓangare ne ɗaga guga, ka sakar wa inji shi ba tare da baƙin ciki ba.

Yarinyar da ta kawo maka amsa mai kyau, ba ta yi maka laifi ba, ta ma nuna maka inda aikinka yake. Gobe ka kira ta, ka sa ta tsinko ganye biyu, ɗaya daga shukar da ke rana, ɗaya daga wadda aka kife da tukunya kwana uku. Ku tafasa su, ku cire koren da sinadarin da ake cire shi, ku ɗiga aidin. Na rana zai yi baƙi-baƙi, na cikin duhu ba zai yi ba. Sai ka ce ta bayyana wa 'yan ajin dalili, da Hausa tukuna, sannan da Turanci. A nan za ka gane ko ta fahimci abin da ta kwafo. Mafi yawan lokaci ba ta fahimta ba, kuma wayar ba ta da hanyar sanin haka, don ba ta ganin fuskarta lokacin da ta yi shiru tana kallon ƙasa. Kai kana gani.

Darussanka biyu suna cikin waɗanda hannu ya fi baki aiki a cikinsu. Albasar Aliero tana nan a kasuwar Jega tuli-tuli. Ka ɓare guda, ka zare 'yar siririyar fatar nan ta ciki, ka shimfiɗa a gilashi da ɗigon aidin, ka sa a maikiroskof in makarantar tana da ko da guda ɗaya ne. Yaron da ya leƙa ya ga ɗakunan ƙwayoyin halitta a jere da idonsa, ya san cewa a cikin albasar da ake yanka wa miya suke, ba zai manta ba har ya tsufa. Ka sa su ɗebo ƙasar jigawa da ta fadama a kwalba biyu, a zuba ruwa, a girgiza, a ajiye a taga. Yashi zai fara kwanciya, laka ta daɗe tana yawo a sama. Ka sa su jiƙa ƙasar su murza tsakanin yatsu, su ji wadda take mulmuluwa da wadda take wargajewa. Ka ƙirga ƙwayar shinkafa 100, ku naɗe a jiƙaƙƙen buhu, bayan mako a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsiro. In ba su kai 80 ba, irin yana da matsala. Wannan darasi na ƙarshe, yaro zai kai shi gida a daren, ya hana mahaifinsa asarar kuɗin iri da na dashe. Ba a buƙatar kuɗi mai yawa a duk abin da na lissafa. Kuma jarrabawar WAEC da NECO ta 'yan makaranta har yanzu tana da firaktikal, inda ake ajiye wa yaro kaska, ko ƙwaron wake, ko samfurin taki, a ce ya faɗi mene ne da abin da yake yi. Wani ne zai nemo waɗannan abubuwa, ya koya wa yara riƙe su tun kafin ranar.

Akwai manhajojin da manomi zai ɗauki hoton ganye su gaya masa cutar, irin su Plantix, kuma suna da amfani, ka saukar ka gwada. Amma ka ɗauki shinkafar da ta yi ɗorawa a fadama. Yana iya zama yunwar taki ce, sai tsofaffin ganyaye su fara rawaya, gonar duka ta koɗe. Yana iya zama ƙarfe ne ya yi yawa a ƙasar da ruwa ya daɗe kwance a kanta, sai ganye ya yi ɗige-ɗige ruwan ƙasa daga baki. Yana iya zama cutar bairos ce mai sa ganye rawaya da dabbare-dabbare, shukar ta tsugune, abin ya kama wuri-wuri a gonar. A hoton waya mai tsagaggen gilashi, cikin hasken azahar, duk ukun suna iya kama da juna. Wanda ya san aikin zai tuɓe takalmi ya shiga, ya tumɓuke tushe ɗaya ya duba saiwa, ya tambayi mai gonar yaushe ya zuba yuriya, yaushe ya sauya ruwa, wane iri ya shuka, FARO 44 ne ko wanda ya ajiye tun bara. In aka yi kuskure, mutum zai ci bashi ya sayi buhun taki ya zuba wa cutar da taki ba ya warkarwa. Wanda zai horar da yaran da za su iya wannan bambancewa, shi ne kai.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan fanni shi ne maganin feshi. Ka je kowace kasuwar ƙauye ka ga yadda ake sayar da shi kusa da kayan miya. Rubutun jikin kwalbar da Turanci, mai feshin ba ya karantawa, awonsa murfin kwalba ko gwangwanin madara, yana tafe iska tana dawo masa da shi a fuska, babu takunkumi, ya gama ya wanke famfon a inda ake ɗiban ruwa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa. Waken da Turawa suka ƙi, mu muka ci shi. Alhali ga buhun PICS mai ruɓi uku, wanda yake toshe iska ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba komai ba. Ka tuna kuma da abin da ya faru a maƙwabtanmu Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana shiga abinci da hannun jarirai. Bayanin illar dalma yana cikin littattafai shekara da shekaru kafin wannan musiba. Abin da aka rasa shi ne mutumin gari, wanda aka sani aka yarda da shi, da zai faɗe shi da harshen da uwa za ta ji. Waya ba za ta cike wannan gurbi ba, ko da ta iya Hausa, don mutanenmu sai sun san ɗan wane ne kai kafin su sauya abin da suka gada.

To, gobe fa? A nan ba zan shafa maka zuma a baki ba. Ƙasar nan ba ta da matsalar yawan malamai. UNICEF ta daɗe tana ambaton yara sama da miliyan 10 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kuma jihohinmu na Arewa maso Yamma suna cikin masu kaso mafi tsoka. Makarantun karkara da yawa malamin kimiyya ɗaya ne yake riƙe darussa biyu ko uku, kamar yadda kake yi. Buƙata tana nan. Abin da yake ƙaranci shi ne ɗaukar aiki da biyan haƙƙi a kan kari. Dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Alheri ne ga wanda ya shiga, amma duk inda aka aiwatar da ita, guraben da tsofaffi za su bari sukan jinkirta. Sannan ga rashin tsaro. A 2021 kaɗai an kwashe ɗalibai a Jangebe, da Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Makarantun da aka rufe, da gonakin da aka daina zuwa, ba kwamfuta ce ta rufe su ba. In kana lissafin abin da zai iya raba ka da aji a shekaru goma masu zuwa, waɗannan su ne a gaba, na'ura tana can baya.

Maganar mai makarantarku kuwa, ka saurare ta da kunnen basira. Allon da yake magana a kai yana son wuta, yana son data, yana son mai gyara. Mun ga abin da ya faru da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, aka koma darasi ta rediyo da talabijin da waya: yaran da suke da mai zaunar da su a gida sun ɗan tsira, sauran sun dawo sai da aka koma baya da su. Amma kada ka raina barazanar. Mai makarantar kuɗi yana iya fakewa da na'ura ya rage ma'aikata ko da karatun zai lalace, kuma wanda zai fara sallama shi ne wanda iyaye ba za su yi kewarsa ba. Ka zama wanda in aka ce ya tafi, iyaye za su zo ofis su tambayi dalili. Hanyar ita ce gonar makaranta. Na ga makarantun da filin gonarsu ya koma wurin zubar da shara, ana koyar da kiwon kaji ga yaran da ba a taɓa nuna musu yadda ake ba tsako rigakafi ba, kuma abin yana ba ni takaici ƙwarai a jihar da ta yi suna da noma. Ka nemi a ba ka ko da bayan aji ne, taku goma. Ku yi kunyoyi, kowane rukuni da nasa, wannan da kamfa, wannan da takin gargajiya, wannan babu komai, a riƙa aunawa ana rubutawa. Ranar da za a raba sakamako, a jera amfanin a gaban iyaye.

Ita kanta ƙirƙirarriyar basirar, ka riga ɗalibanka iya ta. Ka sa ta tsara maka tambayoyi, ta taƙaita maka dogon babi, ta ba ka hanyoyi uku na bayyana abu ɗaya. Lokacin da ka samu, ka kai shi gona. Sai dai ka riƙa bin ta da ido, domin tana faɗin kuskure da cikakken ƙarfin hali, kuma yawancin abin da ta koya daga rubuce-rubucen wasu ƙasashe ne. Tana iya ba ka lokacin shukar da ba na daminarmu ba, ko awon maganin da ba na kwalbar da ke hannunka ba. Ka riƙa gwada abin da ta ce da hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitarwa kowace shekara, da littattafan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da malaman gona na KARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Kebbi. Wani lokaci ka kawo amsarta aji, ka ce yara su nemo inda ta kauce. Wannan ma darasi ne, kuma zai yi musu amfani fiye da hana su taɓa waya, abin da ba za ka iya ba.

Burin Baba yana da tushe. Yau a Kebbi akwai jami'ar jiha a Aliero tun 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tun 2013, da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Ga manyan makarantun Gusau da Talata Mafara da Maru a Zamfara, ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Lokacin da mahaifinka yake saurayi, yawancin waɗannan babu su. Amma ka fahimtar da shi cikin ladabi cewa digiri na biyu ba takardar kama aiki ba ce. Guraben lakcara kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma a jami'a ba a nisa sai da digirin digirgir. Tallafin karatu na TETFund ma, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, na waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, don haka wannan zagaye daga aljihunka zai fito. Shawarata ka yi shi, amma kana kan aikinka, kuma ka zaɓi bincike a kan abin da yake damun mutanenka: ruɓewar albasa a ajiya, ko ƙuduji a gonar dawa, ko cututtukan shinkafar rani. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma sami manyan masana'antun casar shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi, mutumin da ya san shinkafa a littafi da a laka yana da ƙofofi fiye da ɗaya. Kamfanonin iri, masu sayar da kayan noma, ƙungiyoyin da ke horar da manoma, duk malami suke nema, ko da ba su kira shi da wannan suna ba.

Kafin duk wannan, in ba ka yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ba, ka yi yanzu, ka ajiye takardunka a shirye, don ranar da jiha ko hukumar ilimin bai-ɗaya za ta buɗe ɗaukar malamai ba a ba da dogon wa'adi. Kuma ka roƙi Baba ya yanka maka wani yanki a fadama ka yi noman rani da hannunka a bana. Albashin malami shi kaɗai ba zai riƙe maka sabon gida ba, gara amarya ta tarar da buhu a ɗaki. Ɗalibai ma suna bambanta malamin da yake noma da wanda yake karantawa kawai, tun daga yadda yake riƙe fartanya.

Yayanka kuma kada ka amsa masa ta saƙon waya. Ka kira shi, ka yi masa godiya sosai, ka gaya masa kana son koyon kwamfutar, amma a nan gida kuma don aikinka. In da hali, ya taimaka maka da 'yar kwamfutar hannu ko da wadda aka yi amfani da ita ce, da ƙaramar sola ta caji. Ka nemi ya ba ka shekara biyu. In sun cika ba ka sami aikin gwamnati ba, gonar ba ta tsaya da ƙafarta ba, karatun ma bai kankama ba, sai ku zauna da shi da Baba a sake shawara.